Lissafin kuɗi da tsantsar lissafi: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Lissafi nake koyarwa a nan Maradi, kuma tunda aka ji cewa ina bibiyar binciken da ake yi a fannin lissafin kuɗi, tambayoyi iri ɗaya ake jefo mini a wajen suna, a bakin masallaci, a WhatsApp da tsakar dare. Na tattara su nan. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Malam, nawa naira za ta kai a wata mai zuwa?

Babu lissafin da ke faɗin wannan. Duk wanda ya nuna maka zane a waya ya ce ya gano inda farashi zai dosa, ka ba shi jaka 50 ya ninka maka, ɓarawo ne. Ku daina kai musu kuɗin auren 'ya'yanku. Abin da aka tabbatar shi ne sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, ita kuwa naira an sake ta a watan Yunin 2023 kasuwa ke juya ta. Shi ya sa 'yan canji ke sauya farashi safe da yamma.

To ai aikin kontabul ne kuke yi?

A'a. Kontabul yana rubuta abin da ya riga ya shiga ya fita. Mu muna auna haɗarin abin da bai faru ba tukuna.

Idan ba ku faɗin gobe, me kuke bincikawa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. A 1900 wani Bafaranshe, Louis Bachelier, ya kare digirinsa na dokta a Faris a kan yadda farashi ke yawo ba tsari a kasuwar hannun jari. Shekara biyar bayan haka Einstein ya yi amfani da irin wannan lissafi a kan ƙwayoyin da ke rawa cikin ruwa. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes, tare da Robert Merton, suka warware tambaya guda: idan na ba ka haƙƙin sayen kaya a wani farashi nan da wata uku, in ka so ka saya, in ba ka so ka bari, nawa ya kamata ka biya ni don wannan haƙƙi? Amsar ta ba kowa mamaki. Kuɗin bai dogara da ko kana tsammanin farashi zai hau ko zai sauka ba. Ya dogara da ƙarfin girgizar farashin, saboda mai sayar da haƙƙin yana iya kare kansa ta hanyar saye da sayar da kayan kaɗan-kaɗan a kowane lokaci.

Yau masu bincike suna gyara zaton da aka gina wancan aiki a kai. A 2014 Jim Gatheral da Thibault Jaisson da Mathieu Rosenbaum suka duba bayanan kasuwanni suka nuna cewa ita kanta girgizar tana da kaushi fiye da yadda aka ɗauka: ma'aunin santsinta ya kusa 0.1, alhali na yawon da Bachelier ya yi amfani da shi 0.5 ne. Wannan ya buɗe fage babba, domin tsofaffin hanyoyin lissafi ba sa aiki a kan abu mai irin wannan kaushi. Akwai kuma aikin da Jean-Michel Lasry da Pierre-Louis Lions suka fara a 2006, kan yadda dubban 'yan kasuwa ke yanke shawara kowa yana kallon abin da taron ke yi. Wasu kuma suna koya wa kwamfuta yadda za ta kare ciniki daga asara idan an saka kuɗin dillali da jinkiri a cikin lissafin.

Ba an gama gano lissafi ba?

Ba a gama ba. A 2000 cibiyar Clay ta Amurka ta sa dala miliyan ɗaya a kan kowace daga cikin matsaloli bakwai. Ɗaya kawai aka warware, Grigori Perelman ne ya yi, ya kuma ƙi karɓar kuɗin. Zaton Riemann, ɗaya daga cikin shidan da suka rage, yana nan ba a warware shi ba tun 1859.

Tsantsar lissafi da ba ya kawo ko dala, mene ne amfaninsa?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, musamman idan ta fito daga bakin wanda ya yi boko. Lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, irin su 7 da 11 da 13, an yi fiye da shekara dubu biyu ana nazarinsu ba don kasuwa ba. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka gina hanyar kulle saƙo a kansu, kuma irin wannan lissafi ne ke tsare kuɗin da ake turawa ta intanet yau. Kiyoshi Ito na Japan ya ƙirƙiro lissafinsa na abubuwan da ke sauyawa ba tsari a shekarun 1940, kasuwa ba ta cikin ransa, amma ba don shi ba da Black da Scholes ba su sami abin rubuta amsarsu ba.

Kuma ana ci gaba. A 2013 Yitang Zhang ya tabbatar da cewa komai nisan da ka yi cikin lambobi, za ka ci gaba da samun irin waɗancan lambobi guda biyu da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba. James Maynard da wasu suka matse tazarar zuwa 246. Abin da ake nema shi ne 2, har yanzu ba a kai ba. Maryna Viazovska 'yar Yukren ta warware yadda ake cusa ƙwallaye mafi matsi a sarari mai fuskoki 8 a 2016. Ita da Maynard sun karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta masu lissafi, a 2022. Kada ka tambaye ni me za a saya da wannan. Tabbatar da gaskiyar abu ta yadda ba wanda zai iya rushe shi aiki ne mai daraja ko da ba a taɓa sayar da shi ba.

Malam, ina da buhunan gero da wake. In sayar yanzu da kaka, ko in ajiye har bazara? Lissafinku zai raba mini gardama?

Alhaji, wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma zan ja ta, ka yi haƙuri. A wajenmu sunanta matsalar lokacin tsayawa: kana riƙe da kaya, farashi yana yawo, kullum kana da zaɓin sayarwa ko jira. Lissafi zai taimaka, amma rabin hanya kawai zai kai ka.

Rabin da yake iyawa shi ne ya nuna maka farashin da in ba ka kai shi ba, ajiyar asara ce. A ce, misali kawai, buhu sefa 20,000 ne da kaka. A ce sito da gadi da magani suna cin 500 kowane wata, wata shida 3,000 ke nan. A ce da ka sayar ka juya kuɗin a wata sana'a da ka samu 2,000. Mun kai 25,000. A ce kuma ƙwari da ɓera da danshi sun ci kashi 5 cikin ɗari. Sai ka raba 25,000 da 0.95, ka sami kusan 26,300. Idan da bazara buhu ya kai 26,000 za ka ji kamar ka ci riba jaka shida, alhali ba ka ma kai abin da za ka samu da ka sayar tun da kaka ba. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, domin ba sa saka kuɗin da suka kwanta a cikin lissafi. Wake ya fi gero saurin lalacewa, don haka lambobinsa dabam ne, sai dai in kana zuba shi a buhun PICS mai riɓi uku wanda ke toshe iska.

Abu na biyu da nazarin ke nunawa: amsar ba rana ba ce, iyaka ce. Kana sa wa kanka farashi, in an kai shi ka sayar ba tare da waiwaye ba. Wannan iyaka kuma dole ta riƙa sauka yayin da sabon amfani ke ƙaratowa, domin darajar jira tana ƙarewa. Wanda ya ƙi sayarwa a watan Yuli yana jiran ƙari, in damina ta yi kyau, Satumba za ta same shi da tsohon gero a hannu.

Yanzu inda lissafin ke yin rauni. Mafi yawan ƙa'idodin da ke cikin littattafai suna ɗauka cewa farashi yana tafiya a hankali, kuma kana iya saye da sayarwa duk lokacin da ka so ba tsada. Kasuwarmu ba haka take ba. Farashinmu tsalle yake yi. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuma duk wanda ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya san abin da hakan ya yi wa wake da dabbobi. Idan naira ta faɗi, kayan can su yi arha, masu saye daga Kano da Katsina su ja baya. Gwamnati tana iya fito da hatsi a farashi mai rahusa, ko ta hana fitar da shi waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin farashin bara. Kuma ba ka da wata takarda da za ka saya ta kare ka kamar ɗan kasuwar Chicago. A irin wannan kasuwa lissafi da kansa yana cewa babu farashin gaskiya guda ɗaya, akwai tazara, kuma inda za ka tsaya a cikinta ya danganta da irin asarar da gidanka zai iya ɗauka.

Saboda haka ya danganta. In bashi ne a kanka mai wa'adi, ko kuɗin makarantar yara na jiranka, ka sayar da abin da zai biya su yanzu. In kana cikin ƙungiyar manoma da ke yin warantaji, wato a kulle hatsi a sito a karɓi rance a kansa, lissafin ya sauya, amma ka saka kuɗin rancen a ciki. In kana da hali, ka raba kayan kashi uku ka sayar a lokuta dabam. Ba za ka sami farashin ƙoli ba, ba kuma za ka faɗa rami gaba ɗaya ba. Ka nemi farashin shekarun baya na kasuwar da kake kai kaya, hukumar SIMA mai bibiyar farashin amfanin gona tana tattara su, kada ka dogara da shekarar da ka fi tunawa. Sannan ajiyar amfanin gonarka dabam take da ɓoye abinci lokacin da mutane ke yunwa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a wannan jiha sun san abin da nake nufi, kuma wannan ba lissafi ne zai yanke maka shi ba.

Wannan karatu ba riba da caca ba ne?

Hukuncin na malamai ne, a je gare su. Abin da zan ce shi ne malaman fiƙihu da yawa sun hana cinikin irin takardar zaɓin da na kwatanta a sama saboda garari, kamar sayen kifi a cikin ruwa. Amma cinikin salam, inda ake biya yanzu a karɓi kaya nan gaba, halal ne da sharuɗɗansa, kuma yana buƙatar mai auna haɗari. Haka sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, wanda Senegal ta fitar a 2014, haka takaful, wato inshorar Musulunci. Wa zai lissafa musu in yaranmu sun guje wa fannin?

An ce masu lissafi ne suka rusa tattalin arzikin duniya a 2008.

Suna da nasu kason. An yi amfani da ƙa'idar da ta raina yiwuwar basussukan gidaje su lalace tare a lokaci guda. Kafin nan ma, a 1998, asusun zuba jari na LTCM a Amurka ya durƙushe, Scholes da Merton suna cikinsa, shekara ɗaya bayan sun karɓi kyautar Nobel. Shi ya sa nake hana ɗalibaina haddace ƙa'ida ba tare da sanin zaton da ke ƙarƙashinta ba.

Ai wannan ilimin Turawa ne.

Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi, wato murabba'in da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Katsinar da sarakunan Maradi suka fito. Kada in sake jin wannan magana.

Kwamfuta ba za ta ƙwace aikin ba?

Tana taimakawa. Peter Scholze ya nemi a bincika masa wata hujja mai wuya da manhajar Lean a 2020, aka kammala a 2022, hujjar ta tsaya. Mutane ne suka rubuta mata kowane mataki.

'Yata tana seri C, tana son lissafi. Ba ɓata lokaci ba ne? Ina za ta je?

Hajiya, kwantar da hankalinki, ki bar ta. Ta fara lisans a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan gida, ko Abdou Moumouni a Yamai. Kada ta yi gaggawar shiga fannin kuɗi. Ta riƙe aljabara da nazarin iyakoki da lissafin yiwuwa da kyau, ta koyi rubuta manhaja da Python, ta kuma koyi Turanci, domin yawancin sababbin takardun bincike da shi ake rubuta su, kuma ana samunsu kyauta a shafin intanet na arXiv. Bayan lisans akwai makarantar lissafi ta AIMS, mai cibiyoyi a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda da Afirka ta Kudu, akwai cibiyar bincike ta ICTP a Trieste ta Italiya, dukansu suna ɗaukar nauyin ɗaliban da suka zaɓa. Aiki kuwa akwai koyarwa, akwai bankuna da kamfanonin inshora, akwai babban bankin BCEAO, akwai kuma kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan. Nicole El Karoui, wadda ta horar da ɗimbin masu lissafin kuɗi a Faris, mace ce. Ki ce mata ta fara tara takardun sakamakonta da wasiƙun malamanta tun shekara ta biyu, domin neman gurbin yana rufewa da wuri.