Bango Kamar Mabul Alhali Fenti Ne: Tambayoyi da Amsoshi

Masu gyaran gida a Kaduna, musamman iyayen amare masu shirin jere, sun sha tambayata game da fentin nan da ke sa bangon siminti ya yi kama da mabul ko katako. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Shin wani fenti ne na musamman?

A'a, gwanintar hannu ce. Ana fara shafa fenti na farko, a bar shi ya kwana ya bushe. Sai a kawo launi na biyu a haɗa shi da gilez, wani ruwa mai ɗan kauri mara launi da ke hana fenti saurin bushewa, yawanci kashi 4 na gilez da kashi 1 na fenti. Wannan na biyun shi ake wasa da shi tun yana ɗanye. Idan da soso aka dangwala, bango ya fito da ɗigo-ɗigo kamar dutse. Idan aka murɗe tsumma aka mirgina shi daga sama zuwa ƙasa, sai ya yi kamar shadda mai ruwa. Matajin roba kuwa shi ke fitar da zanen katako a ƙofa.

Ado a jikin bango ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa zaga cikin birnin Zariya ya ga yadda magina suka zana dagi a soraye, suka shafe da makuba.

Malam, na mabul nake so a falona. Zai yiwu?

Zai yiwu, Hajiya, amma shi ne mafi wuya, kuma nan ake gane gwani. Na tsaya na kalli wani mai fenti a Unguwar Rimi yana yi. Ya shafa toka-toka kan farin bango, ya daddanna da tsumma har launin ya yi kamar hazo. Sannan ya tsoma gashin talo-talo a fenti mai duhu, yana jansa a karkace, hannunsa na ɗan rawa da gangan. Kafin layin ya bushe ya bi shi da busasshen burushi mai laushi, sai layin ya lume kamar jijiyar nan ta cikin dutsen mabul. Shawarata, kada a yi wa bango huɗu. Bangon talabijin kaɗai ko ginshiƙan falo sun isa, domin idan ya yi yawa ido kan gane ba dutse ba ne.

Akwai kuma shafen da ya samo suna daga birnin Benis na Italiya, na farar ƙasa da garin mabul, wanda ake shafawa siriri-siriri da cokalin magina a goge har ya yi sheƙi. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ya fi tsada.

Me ya sa nawa ya ɓamɓare kafin shekara?

Wannan tambayar tana min ciwo, don kuɗi ne aka zubar. Kusan kullum danshi ne. Daminar Kaduna tana da tsawo, daga wajen Mayu har Oktoba, kuma bangon da ke tsotsar ruwa daga ƙasa zai tofo wani farin gari kamar kanwa, ya kumbura fentin. Ku shafa hannu a gindin bango. Idan da sanyi ko gari, a fara gyara magudanar ruwa da tsagar bango. Sabon shafen siminti kuma a ba shi kamar mako 4 ya bushe. Bayan nan a cike ramuka, a goge da samfefa, a share ƙura, sannan a taɓa gwangwanin fenti.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Bayan ruwa ya ɗauke, kafin hunturu ya kankama. A tsakiyar hunturu gilez na bushewa da wuri, ƙura kuma na mannewa. In dole ne, a rufe tagogin da ke fuskantar iska idan fentin ruwa ne, mutum biyu su yi aikin: ɗaya na shafawa, ɗaya na binsa da tsumma, kada su tsaya sai sun kai kusurwar bango.

Zan iya yi da kaina?

Na soso, ƙwarai kuwa. Shi ma ya fi rufe dattin hannun yara da rashin santsin bango.

Ta yaya zan gwada mai fenti kafin in ba shi aiki?

Kada hoton waya ya ruɗe ki. Ki sayi ɗan falanki, ki ce ya yi miki samfur a gabanki da launin da kika zaɓa. Ki jingina shi a bangon da za a yi wa aikin, ki duba da hantsi, ki sake dubawa da dare a hasken ƙwan lantarki, domin launin kan canja. In ya yi miki, ki ajiye falankin har a gama, ki kuma sa ya rubuta miki ma'aunin haɗin, saboda ranar da za a buƙaci faci.