Waiwaye: Yadda kariyar layin sama ta sha bamban da ta kebul na ƙarƙashin ƙasa

Tun farkon jigilar lantarki mai ƙarfi aka gane cewa wayar da ke rataye a kan turaku da kebul ɗin da ke binne ba ciwo ɗaya suke yi ba. A layin sama, yawancin matsaloli na ɗan lokaci ne: tsawa ta faɗo, ko reshe ya gogi waya, ko hayaƙin ƙunar daji ya turnuƙe layin, sai wuta ta yi tsalle ta kan insuleta, wato abin da ke riƙe wayar ya hana wuta bin turke. Da zarar bireka, wato babban makunnin da ke yanke wuta, ta katse, tartsatsin ya mutu, iska ta koma yadda take. Shi ya sa ake saita rile, wato na'urar da ke gano matsala ta ba bireka umarni, ya sake haɗa layin da kansa, galibi cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka.

Kebul kuwa in rufinsa ya huje, ya huje ke nan. Takarda mai jiƙe da mai ko robar XLPE da ake rufin da ita ba ta warkewa. Sake tura masa wuta ƙara ƙona wurin ne kawai, wani lokacin har mahaɗa ta tarwatse. Don haka ake kulle sake haɗawar.

A 1904 Charles Merz da Bernard Price suka fito da dabarar kwatanta wutar da ta shiga layi da wadda ta fita ta ɗaya bakin, ta wata siririyar waya da ke haɗa tashoshin biyu. In lissafin bai zo daidai ba, matsalar a ciki take, sai a yanke nan take. Dabarar ta dace da kebul, domin gajere ne, siririyar wayar kuma rami ɗaya ake binne su. Dogayen layukan sama sai suka dogara da rilen awon nisa, mai ƙiyasta nisan matsala daga tirjiyar da waya ke yi wa wuta, wanda ya yaɗu daga shekarun 1920. A shiyyarsa ta farko yakan kare kusan kashi 80 cikin ɗari na tsawon layin ba jinkiri; shiyya ta biyu ta kai kashi 120, wato har ta ɗan wuce ƙarshen layin, da jinkirin daƙiƙa 0.3 zuwa 0.5.

Wannan rile yana shan wahala a kan kebul. Tirjiyar kebul kaɗan ce, ga shi in wuta ta zuba ƙasa sai ta rabu tsakanin kwanson ƙarfen kebul ɗin da ƙasar kanta, gwargwadon yadda aka ɗaure kwanson. Awon sai ya karkace. Rile mai kwatantawar ma yana da tasa matsalar: kebul yana zuƙar wutar caji mai yawa ko ba kaya a kansa, tilas a cire ta daga lissafi, in ba haka ba ya yanke layi lafiyayye.

Zafi kuma ba rilen da ke ganinsa da wuri. A 1998 zafi na cikin dalilan da suka sa kebul huɗu masu 110kV suka mutu ɗaya bayan ɗaya a Auckland ta New Zealand, tsakiyar birnin ta yi kusan mako biyar a duhu. Yanzu ana shimfiɗa zaren gilashi tare da kebul don auna zafinsa mita bayan mita.

Inda aikin ya fi sarƙaƙiya shi ne layi mai ruwa biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, irin wanda ke shiga tsakiyar manyan birane. A nan ana sa na'urar awo a daidai mahaɗar: in matsalar a sama take a sake haɗawa, in a ɓangaren kebul ce a bar bireka a buɗe har masu neman hujin su iso da injin bugu mai harba wuta cikin kebul don hujin ya yi ƙara, su bi layin suna sauraron ƙarar daga ƙarƙashin kwalta.