Yarjejeniyar Raya Al'umma: ma'aunin da doka ta bayar na zaman lafiya tsakanin kamfanin haƙar ma'adinai da mutanen gari

Idan jami'in kamfanin haƙar ma'adinai ya ce suna zaune lafiya da mutanen garin da suke aiki, abin da yake nufi galibi shi ne an kwana biyu matasa ba su tare wa tipofinsu hanya ba, kuma ba a kai ƙararsu fadar hakimi ba. Wannan ma'auni ne mai rauni, domin mutane kan yi shiru saboda tsoron jami'an tsaron da ke gadin wurin, ko saboda an sallami 'yan tsirarun da ke iya magana, ko kuma saboda ba su san suna da wani haƙƙi da za su nema ba. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta tanadi ma'aunin da ya fi wannan ƙarfi, wato Yarjejeniyar Raya Al'umma, kuma duk mai son sanin ko sulhun da ake iƙirari na gaske ne, daga wannan takarda ya kamata ya fara.

Tushen rikicin yana cikin tsarin mallaka. Sashe na 44, ƙaramin sashe na 3, na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da sashe na 1 na dokar ta 2007 sun danƙa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, yayin da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun gwamnan jiha a matsayin amana. Manomi yana da haƙƙin noma gonar da ya gada, amma zinaren da ke ƙarƙashinta ba nasa ba ne, kuma lasisin haƙarsa daga Abuja yake fitowa, daga ofishin rajistar lasisin ma'adinai. Sashe na 22 ya ƙara da cewa amfani da fili don haƙar ma'adinai yana gaba da sauran amfani. Saboda haka baƙo kan iso ƙauye riƙe da takardar da ta fi gadon kakanni ƙarfi a idon doka, kuma a nan ne zuciya ke fara ɓaci tun kafin a kafa injin farko.

Don rage wannan zafi dokar ta ɗora wa mai lasisi wasu wajibai. Sashe na 100 ya ce a sanar da mai fili ko mazauninsa, a kuma samu amincewarsa kafin a ba da lasisi, in ba haka ba ana iya cire filinsa daga yankin da lasisin ya shafa. Sashe na 102 ya tanadi kuɗin hayar fili na shekara-shekara, sashe na 107 ya tanadi diyya kan amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da aka lalata, sashe na 98 kuma ya hana aiki a wurin da al'umma ke ɗauka da tsarki. Waɗannan duk haƙƙoƙi ne na daban, kuma yana da kyau a riƙe wannan da kyau, domin akwai inda ake biyan mutum diyyar gonarsa sannan a lissafa kuɗin cikin abin da aka yi wa gari na alheri. Diyya bashi ce ta wanda aka ɓata wa dukiya. Yarjejeniyar raya al'umma kuwa haƙƙin gari ne baki ɗaya.

Sashe na 116 shi ne zuciyar maganar. Ya wajabta wa duk wanda ke riƙe da lasisin haƙar ma'adinai, babba ko ƙarami, ko lasisin fasa dutse, ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar da ke karɓar baƙuncinsa kafin ya fara kowane aiki a filin, domin tabbatar da cewa amfanin tattalin arziki da na zamantakewa ya isa ga mutanen wurin. Dokar ta zayyana abubuwan da yarjejeniyar za ta taɓo, duka ko waɗanda suka dace da garin: tallafin karatu da koyon sana'a da guraben aiki ga 'yan asalin wurin, gudummawa ga makarantu da asibitoci da hanyoyi da ruwa da lantarki tare da kula da su, taimaka wa ƙananan sana'o'i, nema wa amfanin gona kasuwa, da hanyoyin kula da muhalli. Idan an yi ta zama an kasa daidaitawa har lokacin fara aiki ya zo, sai a miƙa maganar ga Ministan ma'adinai ya warware. Yarjejeniyar tana ɗaure ɓangarorin biyu a shari'ance, kuma ana sake duba ta duk bayan shekara 5.

Kalmar "kafin" a wannan sashe tana da nauyi ƙwarai, kuma ita ce tambayar farko ga mai tantancewa: wace rana aka sa hannu, wace rana kuma aka fara tona? Al'ummar da ta zauna ciniki tun injuna ba su iso ba tana da abin da za ta riƙe, domin kamfani yana gaggawar fara aiki. Wadda aka kira taro bayan an riga an ture gonaki, an toshe rafi, ba ta da sauran ƙarfi sai karɓar abin da aka miƙo. Yarjejeniyar da aka rubuta bayan zanga-zanga don kwantar da tarzoma ta riga ta saɓa wa tsarin da doka ta shimfiɗa, ko da abin da ke cikinta mai kyau ne.

Tambaya ta biyu ta fi kowacce tayar da ƙura, wato su wa suka sa hannu da sunan gari. Ƙa'idojin da aka fitar a 2011 don aiwatar da dokar sun ce masu sa hannu su kasance mutanen da jama'ar gari suka zaɓa da kansu ba tare da tilas ba, kada su gaza 3 kuma kada su wuce 7, shugaban al'umma ya miƙa sunayensu ga ma'aikatar ma'adinai, ita kuma ta tantance su. A aikace abin da ake yawan kuka da shi shi ne a kira dagaci da wasu dattawa biyu zuwa otal a babban birnin jiha, su dangwala hannu a takardar Turanci da ba a karanta musu da harshensu ba, su dawo gida ba tare da kwafi ba. Ban faɗi haka don rage darajar sarauta ba. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ne jama'a ke gudu wurinsu ranar da rigima ta tashi, kuma yarjejeniyar da aka yi a bayan idonsu ba ta daɗewa. Amma idan sarauta ce kaɗai ta san abin da ke cikin takardar, ranar da alkawari ya gagara cika zargi a kanta zai faɗa, sai rikicin kamfani da gari ya rikiɗe ya zama rikicin talakawa da masarautarsu, wanda ya fi wuyar magani. Mai tantancewa ya nemi ya ji ko an karanta yarjejeniyar a bainar jama'a, a ƙofar fada ko bayan sallar Juma'a ko a coci, ya kuma duba waɗanda ba a gayyata ba. Matan da ke ɗebo ruwa su ne ke fara ganin canjin launin rijiya. Makiyayin da aka datse wa burtali ko mashaya sau da yawa ba a lissafa shi cikin 'yan gari, alhali asararsa ba ta gaza ta manomi ba. Haka nan ƙauyen da ke gangaren rafi, wanda ramin haƙar ba a ƙasarsa yake ba amma shi ke shan dagwalon da ya gangaro, yana iya faɗuwa wajen ma'anar al'umma mai masaukin baƙi idan ba a tsaya masa ba.

Daga nan sai a buɗe takardar kanta a karanta lafazinta. Jimlar da ta ce kamfani zai taimaka wa al'umma da ruwan sha gwargwadon hali ba ta ɗaure kowa ba, domin babu ranar da za a iya cewa an karya ta. Wadda ta ce kamfani zai haƙa rijiyoyin burtsatse uku masu aiki da hasken rana a unguwanni kaza da kaza kafin ƙarshen watan kaza, kuma gyaransu yana wuyansa muddin yana aiki a wurin, ita ce za a iya riƙewa a je a tsaya gaban famfo a murɗa a gani ko ruwa na zuwa. Haka batun aiki yake: alkawarin ɗaukar 'yan gari ba ya cika da masu gadi da leburorin yini, sai an faɗi adadi, da irin aikin, da yadda za a horar da yaran gari su kai ga tuƙa manyan injuna. Ajin da aka gina ba malami da ɗakin shan magani da ke kulle suna shiga rahoton kamfani a matsayin aikin da aka kammala, shi ya sa hoton bikin buɗewa ba hujja ba ce.

Sashe na 117 ya ba wa al'umma makamin da ba a cika amfani da shi ba. Ya ce dole yarjejeniyar ta fayyace tsarin tuntuɓa da sa ido tsakanin kamfani da gari, da hanyar da jama'a za su shiga cikin tsarawa da aiwatarwa da bibiyar ayyukan. Ma'anarsa ita ce tantancewa ba alfarma ba ce da kamfani zai yi in ya ga dama. A nan ne ake gane lafiyar dangantaka. A ɗauka nakiyar da ake fasa dutse da ita ta tsaga katangar wani magidanci: shin ya san ofishin da zai je, akwai littafin da za a rubuta kokensa da kwanan wata, an zo an duba tsagewar cikin kwana nawa, kuma in bai gamsu ba ina zai ɗaukaka? Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam na 2011 sun tafi a kan wannan hanya, inda suka nemi kafar koke ta zama mai sauƙin kaiwa, sananniyar matakai, kuma mai adalci. Littafin koke da ya cika da ƙorafe-ƙorafen da aka warware ya fi nuna zaman lafiya a kan littafin da babu komai a ciki, domin wanda babu komai a ciki yakan nuna mutane sun fid da rai.

Ruwa da ƙasa kuwa ba sa ɓoye gaskiya. Dokar ta wajabta binciken tasirin aiki ga muhalli kafin farawa, ta kuma kafa asusun kare muhalli da gyara shi a sashe na 121, wanda masu lasisi ke zuba kuɗi a ciki. Wanda ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a yankin Jos da Bukuru da Barikin Ladi, shekaru da dama bayan kamfanonin sun tafi, ya san abin da rashin irin wannan tanadi ke haifarwa. Gubar dalma da aka gano a Zamfara a 2010, wadda ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da Yargalma, ta fito ne daga niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, aikin masu haƙar gargajiya, kuma garin Bagega sai a 2013 aka share gubar daga ƙasarsa. Darasin da ke ciki ga yarjejeniya shi ne a gwada ruwan rijiyoyi da ƙasar gonaki tun kafin fara aiki, a ajiye sakamakon a hannun al'umma, a kuma riƙa maimaitawa, domin in ba a san yadda ruwa yake jiya ba, babu yadda za a tabbatar da wanda ya ɓata shi yau.

Dokar kanta tana da giɓi, kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi fili. Ba ta ƙayyade kason da kamfani zai kashe wa al'umma ba, alhali Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta yanka kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani na shekarar da ta gabata ga asusun al'ummomin da ake haƙo mai a ƙasarsu. A ɓangaren ma'adinai komai ya rataya ga ƙarfin ciniki, tsakanin kamfani mai lauyoyi da ƙauyen da wataƙila babu lauya ko ɗaya a cikinsa. Wajibcin yarjejeniyar bai hau kan mai lasisin bincike ba, duk da cewa a lokacin bincike ne ake fara shiga gonaki, kuma wasu na fakewa da wannan lasisi su yi haƙa sosai. Sannan Ministan da ake kai wa saɓani shi ne shugaban ma'aikatar da ke ba da lasisi kuma take neman ƙarin kuɗin shiga daga haƙar, don haka ba abin mamaki ba ne jama'a su yi shakkar alƙalancinsa. Kwamitin kula da albarkatun ma'adinai da muhalli da sashe na 19 ya kafa a kowace jiha, wanda ake kira MIREMCO, shi ya fi kusa da jama'a, amma aikinsa galibi ba da shawara ne.

Ma'aikatar Raya Ma'adinai ta fitar da sabuntacciyar jagorar rubuta wannan yarjejeniya a 2023 ƙarƙashin Minista Dele Alake, a 2024 kuma aka ƙaddamar da rundunar tsaron wuraren haƙa daga cikin jami'an tsaron farin kaya na sibil difens, aka kuma ɗage haramcin haƙa da aka sanya wa Zamfara tun 2019. Jami'an tsaro na iya korar ɓarayin ma'adinai, amma ba za su iya sa manomin da ya rasa gonarsa ba diyya ya yarda da maƙwabcinsa ba, kuma da yake an buɗe wa kamfanoni ƙofar komawa Zamfara, wasu kuma na rububin ma'adinin litiyam a Nasarawa da Kaduna, yarjejeniyoyi da dama za a rubuta cikin gaggawa.

Al'ummar da ta riga ta sa hannu tana da ranar da za ta jira, wato cikar shekara 5. Kafin ranar ya kamata wakilanta su mallaki kwafin yarjejeniyar, in kamfani ya hana, su nema a rubuce daga ma'aikatar ma'adinai ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Sai a fassara ta zuwa harshen gari, a bi alkawuran ɗaya bayan ɗaya a rubuta wanda aka cika, da wanda aka fara aka watsar, da wanda ba a taɓa ba, a haɗa da jerin koke-koken da ke jiran amsa da sakamakon gwajin ruwa, a aika kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da kwamitin jiha da sashen kula da muhalli na ma'aikatar, sannan a shiga zauren sabunta yarjejeniyar da wannan takarda a hannu.