Waliyyi Antoni na Paduwa

Antoni na Paduwa (1195–1231) mai wa'azi ne daga ƙasar Fotugal, ɗan ɗariƙar Faransiskan, kuma ɗaya daga cikin waliyyan da mabiya Katolika suka fi kamun ƙafa da su. A birnin Lisbon aka haife shi, sunansa na yanka Fernando. Paduwa kuwa, birnin Italiya da ake jingina masa, zaman ƙarshen rayuwarsa kawai ya yi a can.

Tun yana saurayi ya shiga gidan zuhudu na mabiya Agustin, ya yi karatu mai zurfi a birnin Koimbra na Fotugal. A 1220 aka kawo gawarwakin wasu 'yan Faransiskan biyar da aka kashe a Maroko, abin ya taɓa shi ƙwarai, ya koma ɗariƙarsu, ya ɗauki sunan Antoni. Shi ma ya nufi Maroko, amma rashin lafiya ta kwantar da shi. Da ya kamo hanyar gida, iska ta karkata jirgin ruwansu zuwa tsibirin Sisili, bai sake taka ƙasarsu ba.

A Italiya ba a san yana da ilimi ba, sai ranar da aka rasa mai wa'azi a wani taro a garin Forli, aka tura shi, ya ba kowa mamaki. Daga nan ya riƙa yawon wa'azi a arewacin Italiya da kudancin Faransa, ya kuma koyar da 'yan'uwansa ilimin tauhidi a birnin Bolonya da yardar Faransis na Asisi, wanda ya kafa ɗariƙar. Ya matsa wa masu cin kuɗin ruwa lamba sosai. A 1231 hukumar Paduwa ta yi doka cewa wanda bashi ya yi wa katutu ba za a ɗaure shi ba idan ya miƙa abin da ya mallaka, kuma ana danganta dokar da wa'azinsa.

Ya rasu ran 13 ga Yuni 1231 a Arsela, kusa da Paduwa. Shekara ba ta cika ba Fafaroma Giregori na 9 ya ayyana shi waliyyi, ran 30 ga Mayu 1232. Da aka buɗe kabarinsa a 1263, an ce an tarar harshensa bai ruɓe ba, yana nan ajiye a babban cocin Paduwa, inda masu ziyara ke tururuwa.

Abin mamaki, ba wa'azinsa ne ya fi fito da shi yau ba. Galibin jama'a waliyyin cigiya suka ɗauke shi: wanda ya ɓatar da makulli ko kuɗi sai ya roƙe shi. Tushen abin labari ne na wani almajiri da ya gudu da littafin Zabura na Antoni, Antoni ya yi addu'a, almajirin ya dawo da shi. Akwai kuma sadakar "burodin Antoni" da ake ba matalauta. A Lisbon ran 13 ga Yuni hutu ne, ana gasa kifi a tituna, a jajibirin ranar kuma a ɗaura auren ma'aurata da dama a taro guda.