Tsarin Taurari da Tarihin Bincikensa

Tauraro wani makeken dunƙulen iskar gas ne mai tsananin zafi, wanda yake samar da haskensa da kansa ta hanyar haɗewar ƙwayoyin zarra a cibiyarsa. Rana ce tauraro mafi kusa da duniya, kuma da ita masana ilimin falaki suke auna sauran.

Abu biyu ne ke riƙe da tauraro. Nauyinsa yana janyo komai zuwa tsakiya, matsin gas mai zafi da na haske kuma suna turowa waje. Muddin ɗaya bai rinjayi ɗaya ba, tauraro zai zauna daram miliyoyin shekaru ko biliyoyi.

A cibiyar Rana zafi ya kai kimanin digiri miliyan 15, gas kuma ya cunkushe har ya fi ruwa nauyi sau 150. Nan ne haidirojin, sinadari mafi rashin nauyi, yake haɗewa ya zama wani sinadarin, hiliyam. A kowace daƙiƙa ana cinye tan miliyan 600 na haidirojin, kimanin tan miliyan 4 daga ciki su rikiɗe su zama makamashi. Daga cibiya zuwa kashi 70 cikin 100 na hanyar fita, haske ne ke ɗauke da wannan makamashi, sai dai ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya: yana ta karo da ƙwayoyi, har sai ya shafe dubban shekaru kafin ya ratsa. Daga fuskar Rana zuwa duniya kuwa minti 8 ne da 'yan kai. A ɓangaren sama gas ɗin ne da kansa yake motsi, kamar ruwan da ke tafasa a tukunya: mai zafi ya taso, ya huce, ya nutse. Da madubin hangen nesa ana ganin wannan a fuskar Rana, dabbare-dabbare masu haske, kowanne faɗinsa kusan kilomita 1,000, da siririn duhu a kewaye inda gas ke komawa ƙasa. Cikin 'yan mintoci wannan ya watse, wani ya fito. Zafin fuskar bai wuce digiri 5,500 ba sosai.

Nauyin da aka haifi tauraro da shi shi ke yanke masa tsawon rai. Manya suna ƙona makamashinsu da gaggawa, su tarwatse cikin miliyoyin shekaru, su bar tauraron nutiron, wato ɗan ƙaramin dunƙule mai matuƙar cunkoso, ko baƙin rami, inda ko haske ba ya iya kuɓuta. Irin Rana kuwa takan kai shekara biliyan 10, ta kumbura, daga bisani ta koma farin wada, wato ƙaramin ragowar tauraro mai zafi da ke hucewa a hankali.

Abin da ya fi cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda aka san duk wannan alhali ba wanda ya taɓa leƙa cikin tauraro. A 1835 masanin falsafa ɗan Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran taurari ba. Ashe mabuɗin yana hannu tun 1814, lokacin da Joseph Fraunhofer ya rarraba hasken Rana zuwa launukansa, ya ga ɗaruruwan baƙaƙen layuka a ciki. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna a Jamus cewa kowane sinadari yana da nasa layuka. Ta haka aka gano hiliyam a Rana a 1868, tun kafin William Ramsay ya same shi a doron ƙasa a 1895.

A Jami'ar Harvard, Annie Jump Cannon ta karkasa taurari sama da 200,000 bisa haskensu. Cecilia Payne ta ɗora a kan aikin Meghnad Saha na Indiya game da yadda zafi ke shafar waɗannan layuka, ta nuna a 1925 cewa akasarin jikin tauraro haidirojin ne da hiliyam. Henry Norris Russell ya ja mata burki a lokacin, amma a 1929 nasa binciken ya tabbatar da maganarta. Gaskiya ba a yi mata adalci da wuri ba.

Batun inda Rana ke samun makamashinta ya fi ɗaure kai. Lissafin Lord Kelvin, wanda ya ɗauka tsukewa ce ke dumama Rana, ya ba ta gomomin miliyoyin shekaru kawai, masana duwatsu kuwa suna ganin duniya ta girmi haka nesa ba kusa ba. A 1920 Arthur Eddington ya lura da awon Francis Aston, cewa ƙwayar hiliyam ɗaya ta ɗan gaza ƙwayoyin haidirojin huɗu nauyi, ya ce wannan giɓin ne ke zama haske. Hans Bethe ya fayyace matakan a 1939. Subrahmanyan Chandrasekhar kuma, tun yana ɗan shekara 19 a 1930, ya lissafa cewa farin wada ba zai iya wuce wani iyakar nauyi ba, wanda yanzu aka sani kimanin ninki 1.4 na Rana ne.

Shaida kai tsaye daga cibiyar ta zo ne ta nutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi da haɗewar haidirojin ke fitarwa, waɗanda ke ratsa Rana cikin daƙiƙoƙi. Raymond Davis ya fara kama su a ramin haƙar zinari na Homestake a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, amma kashi ɗaya cikin uku kawai na adadin da aka yi hasashe ya samu. An shekara talatin ana muhawara, sai a 2001 wani gwaji a Sudbury ta Kanada ya nuna cewa nutirino suna sauya nau'i a hanya, kuma lissafin cikin Rana daidai yake.