Waiwaye: Yadda Ƙasa da Yanayi Suka Shigo Gonakin Wasannin Kafa Gari

A wasannin kwamfuta na kafa gari, inda ɗan wasa ke jagorantar mutane ƙalilan su sare daji, su yi gini, su ciyar da kansu, an daɗe ana ɗaukar gona tamkar injin fitar da hatsi. A The Settlers, wanda kamfanin Blue Byte na Jamus ya fitar a 1993, muddin akwai fili kusa da gidan manomi, alkama za ta fito ba tare da kowa ya ɗaga kai ya dubi hadari ba.

Dwarf Fortress, na 'yan'uwa biyu, Tarn da Zach Adams, ya kauce wa wannan tsari a 2006, domin a cikinsa dutse ba ya nomuwa sai an malala masa ruwa ya bar laka. Banished na 2014 kuwa sanyi ya sa a gaba: wanda ya makara da girbi, ƙanƙara za ta cinye masa amfani. RimWorld, da ya kammala fitowa a 2018, ya bai wa ƙasa daraja da alƙaluma, ta yau da kullum kashi 100, mai albarka 140, mai tsakuwa 70, har ya zama dankalin turawa ya fi shinkafa jure tsakuwa. Sai dai abin mamaki, shukar wannan wasa ba ta shan ruwa ko kaɗan. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba, masara na nan tana girma.

Nan ne gizo ke saƙar ga mai buga wasan a Kaduna. Akasarin masu ƙirƙirar waɗannan wasanni a ƙasashen sanyi suke, saboda haka kalandar nomansu a kan sanyi take juyawa, alhali tamu a kan ruwa take. Manomin masara a Saminaka ba ƙanƙara yake tsoro ba, fargabarsa ita ce a yi ruwan shuka, iri ya tsira, sannan sama ta ɗauke mako biyu. Ya san bambancin jigawa da fadama, kamar yadda mai noman rani a bakin Kogin Kaduna ya san cewa taku kaɗan daga gaɓa ƙasar ta sauya hali, kuma citta da ke yi a Kachia ba kowane tudu take karɓa ba.

An ɗan matso kusa a baya-bayan nan. Timberborn, tun 2021, ya mayar da fari babban abokin gaba, sai da madatsar ruwa gona ke tsira, Farthest Frontier na 2022 kuma ya kawo gaurayar yashi da laka da juya shuka na shekara uku, inda wake ke farfaɗo da ƙasar da hatsi ya gajiyar. A ganina, abin da ya kamata ya biyo baya shi ne damina mai makara ko mai saurin ɗaukewa, wadda za ta tilasta wa ɗan wasa ya zaɓa tsakanin gero mai haƙurin fari da masara mai yawan buhu.