Buga golf a filin manyan gasa lokacin hutu: tambayoyin da ake yawan yi mini

Cikin alhazanmu na Maraɗi masu zuwa Dubai da Istambul da Kazablanka sarin kaya akwai waɗanda suka fara taɓa golf, wasu a Kano suka koya wasu a Abuja, kuma duk wanda abin ya shiga ransa sai ka ji yana cewa shi fa wata rana sai ya buga a irin filin nan da ake nunawa a tele. Tambayoyin nan su ne aka fi yi mini a fada da ta WhatsApp, na tara su wuri guda don bakina ya huta.

Wai mi ya raba filin gasa da sauran filaye, ba duka rami 18 ba ne?

Rami 18 ne, kuma galibi par 72, wato bugu 72 ake sa ran ƙwararre ya yi ya gama. Faɗin ramin ma ɗaya ne ko'ina a duniya, milimita 108. Bambancin yana tsakanin inda ka tsaya da inda ramin yake. Filin gasa dogo ne, an cika shi da ramukan yashi masu zurfi da tafkuna, ciyawar gefe an bar ta ta yi kauri yadda in ƙwallo ta faɗa sai ka tsaya kanta ba ka gan ta ba, sannan girin, wato shimfiɗar nan da ramin ke ciki, an aske ta ƙwal kuma ba a kwance take ba, tana da tudu da gangare da ido ba ya kamawa da wuri. Ka ɗauki filin Gary Player, sunan wani shahararren ɗan golf ne, da ke Sun City a Afirka ta Kudu, an buɗe shi a 1979, tun 1981 ake yin babbar gasar nan da yanzu ake kira Nedbank a wurin, daga can baya tsawonsa ya haura mita 7,000. Kuma abin da ke jan mutane shi ne irin waɗannan filaye na otel ba sai kana memba ba, ka biya ka buga, a ramin da ka ga zakarun duniya sun yi gumi.

Ni da ban daɗe da farawa ba, za su bar ni in shiga?

Ya danganta da filin. Da yawa suna tambayar handikaf, lambar nan da ke nuna matsayinka a wasa, ƙarama ta gwani babba ta ɗan koyo. Tun 2020 tsari ɗaya ake bi a duniya kuma iyakarsa 54. Tsohon filin St Andrews a Sikotlan ba ya karɓar wanda ya wuce 36, kuma sai ka nuna shaida. Filayen otel na Maroko da Turkiyya sun fi sassauci, wasu sun rubuta sharaɗin amma ba kullum suke dubawa ba, sai dai kar ka dogara da wannan, ka sa kulob ɗin da kake bugawa su ba ka takarda ko ka ajiye ta cikin salula. In ko ba ka taɓa gama rami 18 ba a rayuwarka, don Allah ka bari tukuna, kuɗinka kawai za ka zubar kuma ka tare wa mutane hanya.

To in na je, daga ina zan fara bugu? Na ga alamomi kala-kala.

Yawwa, nan ne maganar take, in ba ka riƙe komi ba cikin rubutun nan ka riƙe wannan. Kowane rami yana da wuraren farawa huɗu ko biyar, an sa musu launi, na can baya na ƴan gasa ne, na gaba-gaba na irinmu. Launin yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka kar ka ce ai ni fari nake bugawa a gida, ka duba katin maki ka ga mita nawa ne. Tsakanin na baya da na tsakiya a fili guda ana iya samun bambancin mita 1,000 ko fiye, kuma ba tsawon kaɗai ba ne, wanda ya zana filin ya aje tafki da yashi daidai inda ƙwallon ƙwararre ke sauka daga baya. Kai in ka tsaya can, bugunka na farko ba zai ma tsallake ruwan ba.

Mu kuma mun san halinmu, mutum ya biya kuɗin jirgi da otel sai ya ce wallahi daga inda Tiger Woods ya tsaya zan tsaya. Na ga wani bawan Allah ya yi haka, rami na farko ƙwallo biyu a ruwa, na uku cikin itatuwa, kafin a kai rabi ya daina rubuta maki ya daina magana da kowa, ma'aikacin da ke zagaye da ƴar mota yana bin sa a baya yana nuna mishi agogo. Wanda suka zo tare ya matsa gaba abinsa ya buga daga tsakiya, ya gama yana dariya. Fili ɗaya, kuɗi ɗaya. In bugunka na farko bai cika wuce mita 180 zuwa 200 ba, ka nemi wurin farawa da jimillarsa ba ta kai mita 6,000 ba, babu wanda zai tambaye ka launi in ka dawo Maraɗi, hoto dai iri ɗaya ne. Akwai kuma wata lamba a katin da ake kira slope mai nuna wuyar filin ga wanda bai ƙware ba, tana tsakanin 55 da 155, matsakaici 113, in ka ga ta haura 135 to ka san filin ba ya wasa da ɗan koyo.

Wace ƙasa ta fi dacewa da mutanenmu?

Ni dai Maroko nake fara cewa. Akwai jirgi daga Yamai zuwa Kazablanka, ana jin Faransanci, abinci halal, masallaci ko'ina. A Rabat akwai Royal Golf Dar Es Salam, Robert Trent Jones ya zana shi, rami 45 cikin daji, nan ake yin gasar kofin Sarki Hassan na biyu da aka fara a 1971. Kusa da El Jadida akwai Mazagan a bakin teku, zanen Gary Player, otel da fili wuri guda, amma can iska ce ke hukunci, ramin da ka kai da bugu biyu da safe da yamma sai uku.

Masu zuwa Turkiyya su sani manyan filayen golf ba a Istambul suke ba, suna Belek kusa da Antaliya, filaye jere da juna. Montgomerie Maxx Royal ya karɓi gasar Turkish Airlines a 2013 har Tiger Woods ya zo. A Dubai kuwa akwai filin Majlis na Emirates Golf Club, an buɗe shi a 1988, filin ciyawa na farko a yankin Gabas ta Tsakiya. Dubai daga Nuwamba zuwa Maris ake zuwa, da rani ko mu da muka saba da zafin Afrilu ba za mu so shi ba saboda gumi. Belek kuma bazararsu da kakarsu, wajen Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba.

Nawa zan tanada?

Ba abin talaka ba ne, gaskiya ɗaya ce. Pebble Beach a Amurka, inda Tiger ya ci US Open na 2000 da ratar bugu 15, zagaye ɗaya ya wuce dala 600 ta Amurka, sama da jika 300 kenan kafin otel. Maroko da Turkiyya ba su kai nan ba ko kusa. In an ba ka farashi da yuro ka tuna yuro 100 jika 65 ne da ɗoriya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗauki kwana da wasa a haɗe daga otel ɗin, kuma bugun yamma ya fi na safe araha. Ka tambaya tun kafin ka biya ko kuɗin ya haɗa da ƴar motar lantarki da kadi, wato mai ɗaukar maka jakar sanduna yana ba ka shawara, sannan ka tambaya ko suna aikin huda girin a satin, don suna yin haka sau ɗaya ko biyu a shekara su zuba yashi, in ka faɗa lokacin ka biya kuɗin nama an ba ka ƙashi.

Kadi dole ne?

A wasu filaye dole ne, a wasu ganin dama. Ka ɗauka. Mutumin nan kullum yana cikin filin, kai za ka durƙusa ka ga kamar ƙwallo hagu za ta yi, shi zai zo ya aza kan sanda tafin hannu biyu hagu da ramin ya ce nan, a hankali, gangare ne. Ka buga inda ya nuna zuciyarka ba ta yarda ba, sai ka ga ta lanƙwasa ta nufi rami. Ka ji maganarsa, kuma ka tanadi ɗan alheri na hannu bayan kuɗin da ka biya a ofis, da shi suke rayuwa.

Sanduna da tufafi fa?

Doka sanda 14 ce iyaka cikin jaka. In tahiyar ta kasuwa ce kana da kaya jingim, yi haya a can, amma ka zo da takalminka da safar hannu da ƙwallaye masu yawa daga gida don a shagon fili tsada gare su. Riga mai kwala, wandon yadi, hular hana-salla. Jins da kaftani ba a shiga da su.

Wanda ya koya a filin rairayi zai iya ciyawa?

Zai iya amma sai ya sake hannu. A Rio Bravo kusa da Yamai, da wasu tsoffin filayen Arewa, inda ramin yake rairayi ne da aka daddaɓe, dole ka buga da ƙarfi. Ka kai wannan ƙarfin kan girin na gasa ƙwallo ta wuce rami ta gangara ta fita. Ka iso da awa guda kafin lokacinka, ka yi rabinta a wurin gwaji kana gara ƙwallo daga nesa. Sauran ladubba kuwa ba su da wuya: ka share yashi da manjagara in ka fito, ka gyara ɗan lotsawar da ƙwallonka ta yi a girin, ka yi shiru in wani zai buga, ƙwallo in ta ɓace minti 3 kaɗai doka ta ba ka tun 2019. Rami in ya gagara ka ɗauke ƙwallonka ku wuce, ana sakin ƴan wasa huɗu-huɗu kusan kowane minti goma, akwai mutane bayanka.

Salla da iyali fa, wurin ya dace?

Zagaye ɗaya awa huɗu ne zuwa huɗu da rabi, in da ƙafa ne kusan kilomita 8 zuwa 10, saboda haka ka kama lokacin ƙarfe bakwai ko takwas na safe ka gama kafin azahar. Sai dai in faɗa maka tun yanzu, Sun City da Mazagan duka akwai gidan caca a ciki, otel-otel na Belek kuma ana shan giya a fili, in da Hajiya da yara za ka tahi ka duba wannan tukuna, kana iya sauka cikin gari ka riƙa zuwa fili da taksi. A Sun City ɗin akwai fili na biyu, Lost City, rami na 13 kadoji ne na gaske kwance cikin ruwan da ke gaban girin, in ƙwallonka ta faɗa can ka ciro wata daga jaka.